Amsa ga mai neman inda za ta buga labarinta

'Yar'uwa, kin tambayi inda za ki kai littafinki tunda jigonsa bangaskiyar Kirista ne. A nan Sakkwato da wuya ki samu mai ɗaukar nauyi, da kuɗin aljihu muke bugawa. Ni da asuba nake rubutu a waya kafin zafi ya taso, da rana ina shago. Bugun farko mai ɗab'i ya cinye min ƙugiyoyin haruffa kaf, "rawanin ƙaya" ya koma "rawanin kaya", har yau 'yan ƙungiyar mawaƙa na tsokanata! To ki karanta kwafin gwaji da idonki. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa. Masu buga littattafan Kirista kuwa sun fi yawa a Jos, ki fara tura musu babi uku.