Dimokuraɗiyya: Turanci ce ko Larabci?

Tambaya: Malam, ɗana ya dage cewa dimokuraɗiyya kalmar Turanci ce, ni kuwa ina jin ƙamshin Larabci a cikinta. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Hajiya, kunnenki bai yaudare ki ba, sai dai asalin kalmar ya girmi shigarta harsunan biyu. Ta Girkawa ce, "demokratia", kuma kalmomi biyu aka haɗa: "demos", wato mutanen gari, da "kratos", wato iko ko ƙarfi. Tsarin da ake kira da wannan suna ya kafu ne a birnin Atina na ƙasar Girka bayan gyare-gyaren wani jagoran birnin mai suna Kilistenis, wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mu dai ta hannun Larabci muka karɓe ta, ga shaida nan a jikinta. Wannan "ɗ" ita Bahaushe ke sawa a gurbin harafin ط na Larabci, kamar a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi, ga kuma "iyya" a ƙarshe. Da daga bakin Bature muka tsince ta, da wataƙila "dimokurasi" muke cewa.

Inda maganar ke da daɗi shi ne "demos" fuska biyu gare ta. Tana nufin jama'a baki ɗaya, tana kuma nufin talakawa. Masu son tsarin ma'anar farko suke ji, masu hannu da shuni kuwa ta biyu, shi ya sa a bakin wasunsu kalmar kusan gori ce. Aristotil, masanin falsafar Girka, ma ya lissafa ta cikin karkatattun tsare-tsare, inda matalauta ke mulki don amfanin kansu. Kuma kada "jama'a" ta ruɗe ki: babu mata a ciki, babu bayi, babu baƙi mazauna gari. Da a Atina kike, Hajiya, ɗan naki ne zai je taro, ke kina gida.

Ga wani abin da ke ba ni dariya. Majalisar mutanen Atina mai mutum 500 ba zaɓenta ake yi ba, canke ake yi, wanda rabonsa ya tsaga ya shiga. A ganinsu zaɓe masu suna da dukiya yake fifitawa, sai suka bar shi ga 'yan muƙamai irin na shugabannin yaƙi goma. To, kalmarmu ta ƙuri'a, daga Larabci, ainihin ma'anarta wannan canken ne, kafin mu ɗora ta kan takardar da ake dangwala wa yatsa.