Yaya ake gane inda aka yanke furotin a cikin ƙwayar halitta?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar sinadaran jiki a Zariya. An koya mana cewa akwai sinadaran da ke yanka furotin. To, ta yaya masana ke gane abin da aka yanka alhali ido ba ya gani?

Amsa: Ƙanwata, wannan tambaya ta yi min daɗi ƙwarai. Su waɗannan sinadarai, furotiyes, almakashi ne, kuma jikin ɗan Adam na da fiye da iri 500. Ba ɓarna kawai suke yi ba. Insulin ma, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, sai an cire masa wani yanki daga tsakiya kafin ya fara aiki.

Dabarar ita ce: duk inda almakashi ya ci, sabon baki yake bari. Wannan bakin ake farauta. A 2010 ɗakin binciken Christopher Overall da ke Vancouver a Kanada ya fito da hanyar TAILS. Da farko a toshe duk bakunan furotin da ke cikin samfurin da ake bincike da wata alama. Sai a zuba tiripsin, wani irin furotiyes, ya daddatsa komai. Gutsattsarin da tiripsin ya samar ba su da alama, don haka wani sinadari mai danƙo ya kwashe su, kamar yadda ake tankaɗe gari a bar tsaki. Ragowar, wato masu alama, sai a kai na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai don a gane inda aka yanka.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe, kuma ina so ki kiyaye: ganin yanka bai nuna wanda ya yanka ba. Dole a kwatanta ƙwayoyin halittar da ke da furotiyes ɗin da waɗanda aka cire musu shi, domin sau da yawa wani almakashin ne ke tayar da wani.