Hukuncin rubuta labarin makaɗi mai neman natsuwa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina rubuta labarin almara a kan wani mai gurmi da ya bar gida yana yawo gari-gari, har ƙasar aljannu, yana neman abin da zai kwantar masa da hankali. Abokina ya ce ƙarya nake shirgawa, kuma ina tallata kiɗa. In ci gaba ko in yaga?

Amsa: Kada ka yaga, ɗana. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce ka faɗa wa mutum abin da bai auku ba don ya ɗauka ya auku. Wanda ya buɗe littafin almara kuwa ya san ƙirƙira ce. A zaure muka karanta Maƙamatul Hariri a gaban malamanmu, littafin Larabci mai maƙama (wato gajeren labari) 50 a kan Abu Zaid, mayawaci mai cin abinci da harshensa. Ƙirƙirarsa aka yi, kuma malaman fiƙihu ne suka riƙa karantar da littafin. A maƙamar ƙarshe ya tuba.

Batun kiɗa ya fi nauyi. Jumhurun malamai sun haramta kayan kiɗa, ban da duffi (bandiri) a wajen biki, bisa hadisin Bukhari cewa za a samu wasu cikin al'umma suna halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Risala ma, littafin fiƙihun Malikiyya, ta hana sauraronsu da gangan. Ibn Hazm, malamin Andalus, ya saɓa, ya raunana hadisin, amma malamin hadisi Ibnus Salah ya mayar masa da martani. Ni ina tare da jumhuru. Sai dai ba da labarin makaɗi daban yake da yin kiɗa. Alƙur'ani ya ba da labarin matsafan Fir'auna.

Abin da zan duba shi ne inda zuciyar mai gurmin nan za ta sauka. In ka nuna tsirkiyar gurmi ko wani aljani ne ya warkar da shi, ka koyar da ɓata, domin Allah ya ce a Suratur Ra'ad, aya ta 28, da ambatonsa ne zukata ke natsuwa. Kada ka ƙawata tsafi ko roƙon iskoki.

Ba na ce ka cika littafin da wa'azi ba. Bar mai gurmin ya wahala, ya kwana a tasha da gurmin a ƙirji, a yi masa liƙi ya koma ɗaki zuciyarsa a cunkushe, har wata asuba ya ji ladan, ya tsaya. A kan wannan sharaɗi rubutunka halal ne. Allah ne mafi sani.