Filin Tambaya da Amsa: Me Ke Hana Shafina Fitowa a Sahun Gaba a Google?

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na buɗe shafin da nake bayani kan gyaran waya, amma ko sunansa na rubuta a Google ba ya fitowa. An ce in yawaita kalmar "gyaran waya" a ciki, na yi, har yanzu shiru. Ina matsalar take?

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zo maganar hawa sama, sai an tabbatar Google ya san da zaman shafin tukuna. Rubuta site: a akwatin bincike, ka biyo shi da adireshin shafinka ba tare da tazara ba. In babu abin da ya fito, alama ce shafin bai shiga rumbun Google ba, kuma duk kwalliyar da za ka yi masa aikin banza ne.

Ka buɗe Google Search Console, wato dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka don duba yadda yake ganin shafukansu, kyauta ne, ka tabbatar musu shafin naka ne, sannan ka liƙa adireshin a akwatin da ke can sama. Nan take zai faɗa maka ko shafin na cikin rumbun, in ba ya ciki kuma ya nuna dalili. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan jawo wannan shi ne alamar noindex, wato umarnin da ke ce wa injin bincike kada ya ajiye shafin. A WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, cikin Settings ƙarƙashin Reading, akwai wani ɗan akwati da ake dannawa lokacin da ake ginin shafi don kada a gan shi bai kammala ba. Da yawa sukan gama aiki su manta da shi a danne. Sai kuma fayil ɗin robots.txt, mai faɗa wa injinan bincike inda aka yarda su shiga, wanda layi ɗaya a cikinsa kan iya rufe wa Google ƙofa baki ɗaya. In ka gyara, ka miƙa taswirar shafinka, wato sitemap.xml, ka nemi a sake dubawa.

Batun cusa kalma kuwa, ka koma ka cire. Ƙa'idojin Google sun lissafa shi cikin maguɗi, kuma mai karatu yana ganinsa zai juya.

Shafina yana fitowa, amma sai a shafi na uku ko na huɗu na sakamakon bincike. Me zan gyara a jikinsa? Ni mace ce mai rubutu kan wutar sola.

'Yar'uwa, a nan aikin yake. Fara da zaɓar tambaya guda ɗaya da shafin zai amsa. Shafin da ya haɗa tarihin sola da kalolin batir da yadda ake wanke faifai, kowanne ya ɗan taɓa, ba ya gamsar da kowa. Ɗauki jimlar da kike so a same ki da ita, misali "me ya sa batirin sola ke saurin mutuwa", ki rubuta a Google, ki buɗe shafuka biyar na farko ki karanta da kyau. Su ne ke nuna miki abin da Google ya fahimci masu wannan tambaya suna nema. In duk bayanin gyara ne mataki-mataki, ke kuma naki talla ne, ba za ki shiga tsakaninsu ba ko da rubutunki ya fi nasu daɗi.

Sai take, wato layin da mutum ke dannawa a sakamakon bincike. Harafi 50 zuwa 60 ne ke samun wuri, abin da ya wuce haka sai a datse shi da ɗigo uku. Don haka kalmar da ake nema ta zo a farko, sunan shafinki ya koma ƙarshe. Kwatanta waɗannan biyu: "Barka da zuwa shafinmu mai albarka" da kuma "Batirin sola na saurin mutuwa: dalilai 5 da gyaransu". Na farkon bai faɗa wa kowa komai ba. Ɗan bayanin da ke ƙarƙashin take, kimanin harafi 150, ba ya ɗaga matsayi da kansa, kuma Google kan maye gurbinsa da wata jimla daga cikin shafin, amma ki rubuta shi da kyau domin shi ke jan hannu zuwa dannawa. Akwatin jera kalmomin bincike kuwa, wato meta keywords, wanda wasu ke ɓata lokaci a kansa, tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi.

A cikin shafin, babban kanu guda ɗaya, sai ƙananan kanu da ke raba bayani. Amsar ta zo a sakin layi na farko. Wanda batirinsa ke mutuwa da tsakar dare ba shi da haƙurin doguwar shimfiɗa, yana so ya ji cewa yawan zuƙe batir har ƙasa da rashin cika shi da rana su ne ke kashe shi, daga baya ya karanta dalla-dalla. Tsawon rubutu shi kaɗai ba ya ba da matsayi. Abin da ke bambanta ki da sauran shi ne bayanin da babu a nasu: hoton da kika ɗauka da kanki, awon da kika yi, kuskuren da masu haɗawa ke yawan yi.

Kada kuma ki bar shafin maraya. Ki je wasu shafukanki uku ko huɗu masu alaƙa da shi ki saka mahaɗa, wato link, zuwa gare shi, kalmomin mahaɗar su faɗi abin da ke can, kamar "yadda ake auna ƙarfin batir". "Danna nan" ba ya sanar da Google komai. Adireshin ya zama gajere, kalmomi a rabe da karan ɗori. Ga masu rubutu da Hausa, a bar haruffa masu lanƙwasa a jikin rubutu, a cire su daga adireshi, domin idan aka kwafe shi harafin ƙ kaɗai kan rikiɗe ya zama %C6%99, adireshin ya yi tsawo ya munana.

A kwamfuta shafina yana buɗewa lafiya, a waya kuma sai ya yi ta jan ƙafa. Wannan na shafar matsayi?

Ƙwarai kuwa. Tun 2018 Google ya fara auna shafuka da yadda suke a waya, ya kammala sauyin a 2023. Saka adireshinka a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ka dubi ɓangaren waya. Ana son abu mafi girma a fuskar shafin ya bayyana cikin sakan 2.5, shafin ya amsa dannawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, kuma kada rubutu ya riƙa tsalle yayin da ake lodi, makin wannan kada ya haura 0.1.

Galibi hoto ne mai laifin. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya kan kai megabait 3 ko fiye, faɗinsa fiksel 4000, alhali 1200 ya wadatar. Rage shi, ka mayar da shi WebP, wato nau'in hoto marar nauyi, ka yi ƙoƙari ya sauko ƙasa da kilobait 200. Ka rubuta faɗi da tsawon kowane hoto a lambar HTML ta shafin don a tanadar masa wuri, wannan ne maganin tsallen da ke sa mutum ya danna talla alhali ba ita ya nufa ba. Dabarar jinkirta lodin hoto tana da amfani ga hotunan ƙasa, amma in aka sa wa na sama sai ta ƙara jinkiri. Sauri dai ba ya ceton shafin da bai amsa tambaya ba, sai dai ya raba gardama tsakanin shafuka biyu masu kusan inganci ɗaya.

Wani ya ce zai sayar mini da mahaɗa 1,000 daga wasu shafuka, in hau na ɗaya cikin mako guda. In saya?

Kada ka saya, Malam. Gaskiya ne mahaɗa daga wasu shafuka na da nauyi, a kanta aka gina Google tun 1998, amma tun sabuntawar da Google ya yi wa tsarin bincikensa a 2012, mai suna Penguin, ake farautar na saye. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a yi watsi da su kuɗinka ya tafi, mafi muni kuma a hukunta shafin ya ɓace daga sakamako. Mahaɗa ɗaya daga shafin da ake girmamawa a fanninka ta fi dubun nan, kuma babu mai ikon yi maka alkawarin matsayi na ɗaya.

Gyara na gaskiya kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin a ga tasirinsa. Search Console na ajiye alƙaluman wata 16. Duba kalmomin da shafinka ke tsakanin matsayi na 8 da na 20 a kansu, su ne ke bakin ƙofa, a kansu za ka ƙara bayani ka gyara take. Ka sauya abu ɗaya, ka rubuta ranar, ka jira mako huɗu ka kwatanta. In gyaran ya kai ga sauya adireshi, ka sa turawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai ziyara daga tsohon adireshin zuwa sabon, in ba haka ba duk mahaɗan da ka tara za su riƙa kai mutane shafin da babu shi.