Wa zai tsaya a ƙofar?

Jiya ka same ni a Agege kana cewa wani mai shirya biki ya kira ku wasan kwaikwayo ranar Sallah, ba kafin alƙalami, sai an tashi a raba kuɗin ƙofa. Wai ka yarda? Kada ka yarda, ɗana, sai in mutuminka ne zai riƙe tikiti.

Ku yaran yanzu ba ku san komai ba sai waya. A ɗauke ku a ɗora a TikTok, ku kwana da yunwa kuna murna. Da na ambaci Hubert Ogunde ma zuru ka yi mini. Ɗan sanda ne fa. Ya yi wasansa na farko a Glover Hall nan Legas a 1944, daga baya ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyarsa. Ya loda 'yan wasa da ganguna a babbar mota, gari-gari har Arewa. Ƙungiyar tasa ce, ƙofar ma tasa. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a yankinta saboda wasansa mai suna Yoruba Ronu, shekara biyu cur, bai durƙushe ba. Da zamanin fim ya zo ya yi Aiye, kuma yana cikin sana'ar nan har ya rasu a 1990.

Ni na san duk wannan, amma zaƙin baki ya ci ni. Wani Alhaji ya zo har gidana da babbar riga tana ƙamshin turare, ya ce zaure nasa, talla tasa, mu wasa kawai. Wata biyu muna gwaji bayan isha'i, mu goma sha ɗaya. Na ci bashin yadi na ɗinka wa mai fitowa a sarki alkyabba da rawani. Ranar wasa zauren ya cika maƙil, mutanen Idi-Araba da na Mile 12 sun zo, wasu a kan taga suka zauna. Ina leƙe ta bayan labule ina ganin yaransa biyu suna cusa kuɗi a jakar taki.

Da aka watse ya miƙo mini 'yan canji daure da roba. Wai rabin mutanen baƙinsa ne, sauran kuma kuɗin janareta ya cinye. Ya rantse da Allah a gabana, ko ƙifta ido bai yi ba. Babur ɗina na sayar na biya yarana. Mai kiɗanmu bai sake taka dandali ba, ya koma dako a kasuwa. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Maganar haddace layi da ɗaga murya kuwa kada ka dame ni, wannan ko ɗan firamare ya sani. Ka karɓi rabin kuɗinku a hannu, a rubuta a gaban shaidu biyu, ƙanenka ya zauna a ƙofa da tikiti mai lamba. Gobe bayan la'asar ka kawo mini mutumin in ga idonsa.