Dole ne kowa ya yi waƙa a sujada, ko a bar wa 'yan kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a?

Tambaya: Malam, salama. A majami'armu nan Kafanchan abin ya zama kamar gida biyu, in matasa suka hau da kibod da jita suna waƙoƙin Turanci sai iyayenmu su naɗe hannu suna kallo, in Zumuntar Mata suka tashi kuma sai matasa su duƙufa kan waya. Ni kuma muryata ba daɗi, shiru kawai nake yi. Wai dole ne kowa ya yi waƙa, ba aikin 'yan kwaya ba ne?

Amsa: Salama 'yar'uwa. Waƙar sujada ta dukan ikilisiya ce, 'yan kwaya jan gaba kawai aka ba su. Duba Kolosiyawa 3:16 da Afisawa 5:19, Bulus cewa ya yi a riƙa koya wa juna ana gargaɗi da zabura da waƙoƙi, kuma wasiƙun nan ai ba ga mawaƙa ya rubuta su ba, ga kowa da kowa ne. A Romawa 15:6 ma addu'arsa ita ce Yahudawa da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, masu saɓani a kan abinci da ranaku, su ɗaukaka Allah da zuciya ɗaya da baki ɗaya. To batun murya ba daɗi ki ajiye shi gefe, cikin mutum ɗari biyu wa zai tsinto taki?

Mu nan arewa ma mun fi kowa sanin amfanin abin. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen da Bajju da Berom da Ngas da Tangale da Bura ke haɗuwa a kansa a sujada, shi ya sa ɗan ikilisiyar ECWA zai shiga ta COCIN ko ta EYN, a kira lamba a Littafin Waƙoƙi ya kama ba tare da an koya masa ba. Ki lura da yadda Zumuntar Mata ke yi: mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, amshin gajere, tulu na riƙe da kiɗan, kafin a zagayo sau uku har baƙo ya iya. Wannan fa dabara ce babba, ba ƙauyanci ba ne kamar yadda wasu yaranmu ke gani.

Abin da ke rufe bakin jama'a yawanci ba taurin zuciya ba ne, mu masu jagorar waƙa ne. Mai makirfo ya ɗauki waƙa can sama inda muryarsa ke haskawa, dattijo ya gwada layi ɗaya maƙogwaro ya ƙi, sai ya haƙura. Ga lasifika an ƙure ta, ba ka jin na kusa da kai balle kanka, kuma mutum in bai ji maƙwabcinsa na yi ba shi ma kunya yake ji. Sannan kowace Lahadi sabuwar waƙa daga YouTube, yaushe Mama za ta haddace?

Ni ban hana waƙar Turanci ba, amma ki samu shugaban kwaya da fasto cikin ladabi ki ba su shawara: a sassauta sauti, a sauko da murya, sabuwar waƙa a maimaita ta makonni a jere. A sa matasa su buga wa Zumuntar Mata kiɗa, matan kuma su koyi amshi ɗaya na matasa. Wani lokaci ma a tsayar da kayan kiɗa gaba ɗaya a baiti na ƙarshe, a bar muryoyi zalla. Ke kuma Lahadin nan ki zauna kusa da mai murya mai ƙarfi ki bi ta, ko da amshi ne kawai.