Ƙoda da Gwajin Fitsari: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, ni ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 ta Legas. Fitsari ina yin sa yadda na saba, babu inda ke yi mini ciwo, amma an gwada ni an ce akwai furotin a ciki. Ta yaya ƙodar da ke aiki za ta zama da matsala?

Amsa: Malam, yawan fitsari ba shaidar lafiyar ƙoda ba ne. Ƙoda biyu gare ka, kowacce kamar dunƙulen hannunka, kuma a cikin kowacce akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Jini sama da lita ɗaya ke ratsa su a kowane minti. Bakin kowace matata wani curin siraran hanyoyin jini ne mai aiki kamar rariya: ruwa, gishiri, suga da datti su wuce, ƙwayoyin jini da furotin kuwa su tsaya saboda girmansu. Ruwan da ake tacewa haka a yini ya kai lita 180. Daga nan sai ya bi wani siririn bututu, inda jiki ke tsotse kusan kashi 99 cikin 100 ya mayar cikin jini. Abin da ya rage, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari.

To in rariya ta fara yagewa, tankaɗe ba ya tsayawa, tsaki ne kawai zai riƙa bin gari. Furotin ɗin da aka gani ke nan. Sai dai gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, domin zazzaɓi ko aikin ƙarfi irin naka kan sa ya fito na ɗan lokaci. Ka sake da fitsarin farko na safe, ka nemi a auna albumin (furotin ɗin da ke zubowa) a gwada shi da kiriyatinin (wani dattin da ƙoda ke fitarwa). Sakamakon ƙasa da 30 lafiya lau, 30 zuwa 300 an fara taɓuwa, sama da 300 abin ya yi nisa. A haɗa da gwajin jini na eGFR, mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda: in ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ne. A duba hawan jini da suga, su ne manyan masu ɓarna.

Abin da ya fi damuna da masu aikin ƙarfi shi ne haɗin maganin gajiya na kemis. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda, balle a cikin zafin Legas mutum ya wuni yana gumi bai sha ruwa ba. Haka jiƙon agbo da ba a san abin da aka zuba ciki ba. Ledar fiya wata rabin lita ce, ka sha ta isa har fitsarinka ya zama ruwan ɗorawa mai haske.

Tambaya: Ni uwa ce daga Agege. Tururuwa na taruwa inda na yi fitsari.

Amsa: Hajiya, ki je a auna sugan jininki da safe kafin ki karya. Ƙoda mai lafiya tana mayar da duk sugan da ta tace, sai ya haura wajen 180 a jini yake fin ƙarfinta ya zubo cikin fitsari. Wato kafin tururuwa su gane, ciwon ya daɗe. Awon 126 ko fiye, sau biyu a ranaku daban, ciwon suga ne.

Tambaya: Ɗana mai shekara 9 ya zo daga ƙauye, ina ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Muna Idi-Araba.

Amsa: Baban yaro, wannan ya yi kama da tsargiya, cutar tsutsa wadda ake ɗauka a wankan rafi ko dam. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. A karɓi fitsarinsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fitowa, a duba da madubin likita. Maganinta praziquantel, gwargwadon nauyin yaro. Amma in fitsarin ya koma kalar shayi, fuska ta kumbura da safe, matatar ƙoda ce da kanta ta kumbura, a kai shi asibiti a ranar. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, nan kusa da ku.

Tambaya: Sau biyu ana ce mini in sake kawo fitsari, wai ya gurɓace. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: 'Yar'uwa, yawanci wajen ɗiba ne. Ki karɓi robar ɗakin gwaji, ban da kwalbar lemo ko ta magani. Ki wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa zalla daga gaba zuwa baya. Ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, rabin roba ya isa. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa biyu. In kika tara a gida, go-sulo ya riƙe ki a hanya, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a ciki, sakamakon ya zama ƙarya. Gara ki yi a can. Kada ki kai lokacin al'ada, kuma kada ki fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗiba, domin zai hana ƙwayar cutar tsirowa a kwana biyun da ake renonta don gano maganin da ke kashe ta.

Tambaya: Matata na da cikin wata bakwai, a awo an ga furotin.

Amsa: Maigida, a auna hawan jininta yau. In ya kai 140 bisa 90, ga furotin, hanyar jijjiga ce. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.